Makaɗin da Ya Tuba da Sunana

Ni dai tun ina yarinya aka san ni da baki. Innata takan ce ko kaza ta shigo tsakar gida sai na tanka mata. A rijiya in mata suka ji ana dariya tun daga nesa, sun san na riga su zuwa. To, ga ni da bakin nan, amma ranar da ya kamata in buɗe shi in ceci aurena da ɗan da ke cikina, ko uffan ban ce ba. Wanda ya jefa ni cikin wannan hali kuwa bai yi mani ƙarya ko ɗaya ba. Tuba ya yi, a gaban Allah da jama'a, da hawaye har gemu.

Mu Kirista tsiraru ne a lokacin. 'Yan gidaje ne kawai a wani ƙauye ta wajen Kuki, waɗanda iyayenmu Maguzawa ne suka karɓi bishara. Maƙwabta duk Musulmi, sai Fulanin da ke kawo mana nono. Majami'armu ɗakin laka ce mai jinka, ƙararrawarmu tsohuwar garma da aka rataye a ɗorawa. Maza suna zama dama, mata hagu, a kan 'yan dakalin ƙasa da muke yaɓewa duk rani. Daga Tamawa aka kawo ni gidan miji, 'yan shekaru kafin a sami 'yancin kai. Maigidana manomi ne, ba shi da hayaniya, ba shi da mugunta. Uwarsa ta rasu tun kafin in zo, saboda haka daga ni sai shi sai tsohonsa, wanda nake ce wa Baba in ina maganarsa da wasu.

Na ce in ina maganarsa da wasu, don shi kansa ban taɓa yi masa magana ba. Surukina ne. In na kai masa tuwo, sai in durƙusa in ajiye, ya ce sannu, in sunkuyar da kai in tashi. In gishiri ya ƙare kuma maigidan ba ya nan, sai in ajiye ƙwaryar a inda zai gani. Sunansa kuwa bai taɓa hawa harshena ba. Haka uwata ta yi da nata surukin, haka kowace mace mai mutunci take yi, Musulma ko Kirista. Addinin da muka karɓa ya raba mu da giya da tsafi, amma bai ce a daina kunya ba, kuma ba wadda ta daina.

Shi ma Baba ba mai magana ba ne. Yana cikin waɗanda suka fara karɓar baftisma a yankin, amma in aka ce ya yi addu'a, sai ya cire hula ya ce, "Ubangiji, mun gode. Amin." Shi ke nan. Kafin ka gama rufe ido ya riga ya mai da hularsa.

Sai aka turo mana sabon mai bishara, saurayi ne da ya fito daga makarantar koyon wa'azi. Malam muke ce masa. Ya zo da keke da farar riga da wata sabuwar ƙa'ida: kafin a ci Jibin Ubangiji, wato gurasa da abin sha da ake rabawa don tunawa da Almasihu, kowa ya tashi tsaye ya furta zunubinsa a gaban jama'a. Ya ce zunubin da aka ɓoye a ciki kamar maruru ne, in ba a tsaga shi ba sai ya ci nama. Ban raina wannan koyarwa ba, har yau ban raina ta ba. Da idona na ga wa da ƙane da suka daɗe ba sa ga-maciji a kan iyakar gona sun tashi sun faɗi abin da ke ransu, suka fita hannu cikin hannu. Na ga wata tsohuwa ta kwance layar da take ɗaure da ita tun tana budurwa, ta ajiye a ƙasa. Waɗannan mutane magana ta yi masu nauyi, da ƙyar suka fiddo ta, shi ya sa ta yi masu magani.

Amma akwai wanda magana ba ta taɓa yi masa nauyi ba.

Makaɗi ne, kafin ya tuba. Shi ke kaɗa gangar noma in an yi gayya, yana wasa samari da kirari har su manta da ƙishirwa. Ba sana'ar nake zagi ba, kar a ji ni ba daidai ba. Kiɗan noma ya cika rumbuna da yawa. Da ya karɓi bishara aka ce ya ajiye ganga, ya ajiye. Abin da ya kasa ajiyewa shi ne son a yi tsit ana saurarensa. Ya daɗe yana zaune a majami'a kamar an tsare akuya a turke, sai ga Malam ya zo da ƙa'idar tashi tsaye. Kai! Mutumin nan ya sami fage.

Ba a taɓa yin Jibi bai tashi ba. Kuma ba ya tashi da wuri, sai kowa ya gama, don kar a shafe nasa. Zai miƙe a hankali, ya dubi jinka, ya ja numfashi, ya bari muryarsa ta fara rawa. Ya tuba da zabuwar da ya sata yana yaro. Ya tuba da giyar da ya sha a bikin wane, har ya lissafa waɗanda suka sha tare da shi, ciki har da mutanen da ke zaune a wurin suna neman inda za su sa kansu. Ya tuba da fushin da ya yi da maƙwabcinsa, amma kafin ya kai ga fushin sai da muka ji duk abin da maƙwabcin ya yi masa. Haka tubarsa take: shi ne mai kuka, wani ne mai kunya. Malam kuwa sai ya rungume shi ya ce, "Ku dubi zuciyar da Ruhu ya narkar." Ya juya ya dubi Baba, wanda bai taɓa tashi ba, irin kallon da ake yi wa itacen da ya ƙi kama wuta.

Ni kuwa a rijiya nake kwaikwayonsa, mata su yi ta riƙe ciki. Ban san ana dafa nawa ba.

A ranin wata shekara maigidana ya tafi cin rani. Ya zo gida lokacin Kirsimeti ya yi 'yan kwanaki, ya koma, bai dawo ba sai da hadari ya fara haɗuwa. Ya tarar da ni da ciki. Na daɗe a gidan ban samu ba, har an fara yi mani kallon juya, saboda haka murnar da muka yi ba ta faɗuwa. Baba kuwa ya hana ni zuwa itace, ya riƙa kawowa da kansa a jaki.

Ranar Jibin da ya biyo baya, kowa ya gama nasa, sai makaɗi ya miƙe. Na san dalili, ko da yake ba wanda ya gaya mani: zunubansa sun ƙare. Ya sayar da zabuwa, ya sayar da giya, mutane sun fara hamma in ya tashi. Yana bukatar babba.

Ya ce, "'Yan'uwa, ku dube ni, ku dubi tsumma. A ranin nan, lokacin da ɗan'uwana ya tafi neman abin rufin asiri ya bar gidansa a hannun Allah, Shaiɗan ya kama ƙafata ya kai ni ƙofar gidan. Tsoho ba ya nan, ya tafi kasuwa. Matar ɗan'uwana ta fito." Nan ya kira sunana, ƙarara, kamar yana wasa ni a gona. "Ta ba ni ruwa da hannunta. Na sha. Wayyo, da ban sha ba! Na dubi abin da bai kamata in duba ba, na faɗi abin da bai kamata in faɗa ba. Abin da ya biyo baya kuwa, bakina ba zai iya furta shi a ɗakin Allah ba." Ya faɗi ƙasa yana kuka.

Bari in faɗa maku abin da ya biyo baya, tunda bakinsa mai tsarki ya kasa. Ya zo aron jakin Baba ne. Na ce Baba ya tafi da shi kasuwar Kuki. Ya ce ƙishirwa yake ji, na miƙo masa ƙwarya ta bakin zaure, yadda ake yi wa kowane baƙo. Ya sha, ya tsaya yana kallona, ya ce wai hannu irin nawa bai dace da taɓarya ba, kuma dare yana da tsawo ga macen da mijinta ya yi nisa. Na ce masa ya ajiye mani ƙwarya ya kama gabansa kafin in fasa masa ita a ka. Na ƙara masa da wasu kalmomi game da gemunsa da ƙafafunsa waɗanda lallai ba su dace da ɗakin Allah ba. Ya tafi sumui-sumui. Iyakarta ke nan. Ban ma ɗauke shi abin faɗa ba, don wa yake ba da labarin kare ya yi masa haushi?

Malam ya ɗaga shi, ya rungume shi, aka rera waƙar gafara. Ana waƙar ina ganin idanun mata suna sauka a cikina, wasu har yatsunsu na motsi a ƙarƙashin zane suna ƙirgen watanni. Da aka gama, Malam ya juyo ya ce, "'Yar'uwa, ɗan'uwanki ya sauke kayansa. Ke fa, kina da abin faɗa?"

Ina da shi mana! Maganganu sun cika mani baki. Da a rijiya ne, da na yi wa mutumin nan wankin babban bargo, ya rasa inda zai sa fuskarsa har ƙarshen damina. Na ɗago kai zan fara, sai idona ya faɗa kan Baba. Yana zaune a dakalin gaba, hularsa a gwiwa, ƙeyarsa tana fuskantata. Mutumin da bai taɓa jin na ce masa ina kwana ba, yau zai fara jin muryata, kuma a kan maganar shimfiɗa? In tsaya a gabansa in ce wane ya neme ni, ga abin da ya ce, ga abin da bai taɓa ba? Harshena ya ƙi. Ba shawara na yi ba, ƙi ya yi, kamar a ce ka ɗaga rumbu da hannu ɗaya. Na ja mayafi na rufe fuskata.

Duk macen da ke ɗakin nan ta san abin da ya rufe mani baki. Kowaccensu da haka za ta yi. Amma ba a sami ko ɗaya da ta ce, "Malam, surukinta na zaune" ba. Waɗanda ke riƙe ciki in ina ba su dariya, suka sunkuyar da kai suna kallon ƙafafunsu. Shi ma Malam ɗin ba daga sama ya faɗo ba, ɗan ƙasar nan ne, matarsa ba ta cin abinci a gaban ubansa. Amma makaranta ta koya masa cewa shiru taurin kai ne. Ya jira, ya sake tambaya, ya girgiza kai ya ce wanda hannunsa ke da tsabta ba ya tsoron magana. Ya ce ba zan ci Jibi ba sai ranar da na buɗe baki.

Aka zagaya da gurasa da ruwan zoɓo aka tsallake ni. Makaɗi ne ya fara karɓa, hawaye bai ma bushe masa ba. Na ga maƙogwaronsa yana hawa yana sauka. Tir!

Na daɗe ina jin haushin Baba a kan bai tashi ya fita ba, ya ba ni fili. Sai daga baya na gane cewa da ya tashi a wannan lokaci, kowa zai ce ya juya mani baya ne. Zamansa ya rufe mani baki, fitarsa da ta kashe ni. Shi ma an ɗaure shi.

A gida na zazzage wa maigidana komai, har da zagin gemu. Ya saurara yana kallon ƙasa. Ya ce, "To me ya hana ki faɗa can?"

Na ce, "Gaban Baba? Haba, kai ma ka sani."

Ya ce, "Na sani." Sannan ya ce, "Amma mutum ba ya tsayawa gaban Allah yana kuka haka a kan ƙarya."

Na ce, "Kuka? Mutumin da ke sa ƙarti kuka a gona da ganga? Ai shi kuka sana'a ce a wurinsa, kamar yadda huɗa take a wurinka."

Bai ce na yi ƙarya ba, bai ce na yi gaskiya ba. Ya ɗauki tabarmarsa ya koma zaure, wai zafi ya yi yawa a ɗaki. Ana tsakiyar damina, har sai an rufa da zane.

Na je na sami Malam a gidansa, a gaban matarsa, inda babu suruki, na faɗa masa yadda aka yi. Ya saurara da kyau, ba zan hana masa wannan ba. Amma ya ce abin da aka ɗaure a gaban jama'a, a gaban jama'a ake kwance shi. Na ce to a kira makaɗi ya ƙarasa maganar da ya bari a rataye. Aka kira shi. Mutumin nan ya dafa ƙirji ya ce zunubin da Allah ya binne, shi wane ne da zai tono? Malam ya jinjina kai ya ce gaskiya ne, abin da aka gafarta ba a sake ɗaga shi. Kun ji fa. Shi an binne masa nasa, ni kuwa aka binne ni tare da shi.

Abu ɗaya ne bai canza ba a gidan nan. In na ajiye wa Baba tuwo, yana cinyewa tas, ya ce sannu, yadda ya saba. Wata rana na fito na tarar da tsamiya ɗaure a ganye a bakin ƙofata, don ya lura ina marmarin tsami. Ban san yadda zan fassara ta ba, sai na jiƙa na sha.

Mace takan koma gidan iyayenta goyon cikin fari, amma sai ciki ya tsufa. Ni tun bai kai ba maigidana ya ce gara in tafi. Ya raka ni Dutsin-Ma ya sa ni a mota ranar kasuwa, ya ce, "Sai kin ji daga gare mu." Ba ya ko duban cikin. A nan na san abin da ke gabana. In na haihu, dangin uba ne ke zuwa da rago da goro su raɗa suna. In ba su zo ba, ba sai an yi shela ba, kowa daga Tamawa har Kurfi ya san abin da aka ce da yaron, kuma da wannan tambari zai girma har ya tsufa.

Ina da gwaggo da ta musulunta, tana auren wani mai sayar da hatsi a Kurfi. Da ta zo duba ni ta ji labari, sai ta tafa hannu ta ce, "Ikon Allah! Ku naku zunubin a bainar jama'a kuke shanya shi kamar kuɓewa? Ɗiyata, ai tuba tsakanin bawa da Ubangijinsa ne."

Na ce, "Gwaggo, ba addinin ne ya shanya ni ba, wani shashasha ne." Na yi fushi da ita, don ba na son a taɓa mani abin da na gaskata. Amma maganarta ta zauna mani a rai.

A wannan zama ne na koyi addu'a, ba a majami'a ba. A bakin dutsen niƙa nake yi, ina tura ɗan dutse ina magana ƙasa-ƙasa. Ba na cewa komai mai daɗin ji. Nakan ce, "Kana wurin ai. Ka ga ƙwaryar, ka ji abin da ya ce, ka ji abin da na ce." Nakan gaya masa abin da nake so ya sami harshen makaɗi, ban ɓoye ba, don ɓoyewar ba ta da amfani ga wanda ya riga ya gani. Wani lokaci ina cikin zagin sai in ji kunya ta kama ni, in yi shiru, hannu ya ci gaba da niƙa. A cikin wannan shirun ne nake jin an sauke mani wani abu. Ba mai rungume ni, ba mai rera waƙa, ba wanda sunansa ya ɓaci saboda ni na sami sauƙi. Innata tana jin ina gunaguni ta ɗauka da gero nake faɗa.

Na haihu da kaka, gero ya nuna. Namiji. Aka aika wa su Baba. Ɗan aiken ya dawo ya ce ya faɗa, maigidana ya ce ya ji. Kalmar nan tasa ta "na ji", da ina da iko da na haramta ta a duniya.

Ranar suna aka tashi da sassafe aka dama kunu, aka share ƙofar gida, wanzami ya zo ya zauna da zabirarsa. Ina ɗaki, yaron yana cinyata, tsakanina da maza zana ce kawai. Hantsi ya fito, ba kowa. Rana ta fara zafi, ba kowa. Na ji wanzami yana cewa yana da wani aiki a gaba. Na ji mahaifina yana ba shi haƙuri da muryar da ban taɓa jin ya yi wa kowa magana da ita ba. Matan da suka zo barka suka rage murya. Na dubi yaron, yana barcinsa, bai san ana yanke masa hukunci ba. Na ce a raina, in an gama da ni an gama, amma wannan me ya yi?

Sai jaki ya yi kuka a bakin hanya. Innata ta leƙa ta zana, ta juyo ta kama hannuna ta ce, "Surukinki ne." Tsohon nan ne a kan jaki, da rago ɗaure a baya, maigidana yana biye da ƙunshin goro a ka, Malam yana tura kekensa. Tun jiya suka taso, suka kwana a Dutsin-Ma. Daga baya na ji yadda aka yi. Baba bai yi shawara da kowa ba. Ya kama ragonsa ya ɗaure, ya ce, "Zan tafi suna. Wanda zai zo ya zo."

Aka zauna. Malam ya yi addu'a mai tsawo, wadda ta zagaya ko'ina ba ta taɓa yaron ba. Sannan ya tambayi uban yaro sunan da za a sa. Na kasa kunne. Shiru. Maigidana, wanda ya tambaye ni abin da ya hana ni magana, ga shi a gaban maza 'yan'uwansa, ba suruki mai ɗaure masa harshe sai mahaifina da ke roƙonsa da ido, kalma ɗaya kawai ake nema, ya kasa. Wannan shirun ba kunya ba ce, kuma ban taɓa kiransa kunya ba. Malam ya gyara murya ya fara cewa wataƙila zai fi kyau a dakata tukuna, har a warware maganar da ke gaban majami'a.

Sai na ji muryar Baba. Ya ce, "Sunana za a sa mishi."

Mutum ba ya yi wa kansa takwara, ɗansa ne ke yi masa. Malam ya ce, "Baba, wai ka ce..." Tsohon bai bar shi ya ƙarasa ba. Ya faɗi sunan, nasa na kansa, da ƙarfi, yadda har na bayan gida suka ji. Ya juya wajen wanzami ya ce, "Tsagar gidanmu za ka yi mishi." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Gwaggona ce ta fara rangaɗa guɗa, sauran mata suka kama. Ni kuwa na kifa fuskata a kan yaron na yi kukan da ban yi a majami'a ba.

Da na gama wankan jego na koma gidan, ranar Jibin farko, wa kuke tsammani ya miƙe bayan kowa ya gama? Ya ga iska ta juya, ya sami sabon zunubi. Wai ya bar 'yan'uwa suka yi wa baiwar Allah mummunan zato, wai shirunsa ya zama wuƙa, wai bai cancanci ya taka ƙasar da nake takawa ba. Ya fi na farko kuka. Aka sake rungume shi, aka sake waƙa. A kan abu ɗaya mutumin nan ya ci runguma biyu. Malam ya juyo ya ce, "'Yar'uwa, ki ce kin yafe masa."

Na dubi dakalin gaba. Baba na zaune, hularsa a gwiwa. Na ja mayafina na rufe fuska, a hankali, ba gaggawa. Baba ya yi wani ɗan tari, kuma har in mutu ba wanda zai sa in yarda cewa tari ne. Da aka zagayo da gurasa, ba a tsallake ni ba, don ba mai ƙarfin halin hana uwar takwaran Baba.

Ko na yafe wa makaɗi? Na yafe, bayan shekaru, a bakin dutsen niƙa. Ban gaya masa ba, don da ya mai da shi waƙa. Maigidana ya dawo da tabarmarsa ɗaki, ya sayo mani atamfa, muka haifi wasu 'ya'yan, muka zauna har Allah ya ɗauke shi. Ya so yaron nan ƙwarai. Amma bai taɓa buɗe baki ya ce mani "na yarda da ke" ba, kuma na jira. Saboda haka kar wani ya ce na ce shiru ya fi magana. Akwai maganar da in ba a faɗe ta ba, atamfa ba ta maye gurbinta.

Yaron yanzu ya yi furfura, yana da jikoki. Ɗan fari ne, kuma sunan surukina gare shi, kunya biyu ke nan a kan suna ɗaya. Ban taɓa faɗinsa ba, ko sau ɗaya. Mai sunan Baba nake ce masa. Jikoki sukan kewaye ni su ce, "Kaka, faɗi sunan mana, ko a kunne," in kore su da mafici. Da ya kwanta ciwo mai tsanani aka kai shi asibiti, wani matashin fasto ya zo gida ya ce mu durƙusa, kowa ya kira sunan majiyyacin a gaban Allah, don addu'a tana son a fayyace. Kowa ya kira. Da aka zo kaina suka zuba mani ido suna jira.

Na ce, "Ubangiji, kana Tamawa ranar da aka faɗe shi. Ka san wanda nake nufi."